Ampilin gida ya tsaya: ka gyara da kanka, ka kai wa mai gyara, ko ka dasa masa sabon allo?

Ampilin falo, irin mai rediyo a ciki wanda ake jona wa lasifika biyu ko biyar, da wuya ya mutu gaba ɗaya. Galibi abu guda ne ke kwanciya a cikinsa, sauran kayan kuwa lafiya lau. Da yawa daga cikin waɗanda ke gidajen Yamai na hannu ne da suka fito daga Turai, su Pioneer, Sony, Yamaha, Denon, Kenwood da Technics, wasunsu sun haura shekara 20 suna aiki. In ya tsaya, hanya huɗu ce gaban mai shi: ya buɗe ya gyara da kansa, ya kai wa mai gyaran rediyo, ya bar sashen ƙarfin da ya ƙone, wato mai tura sauti zuwa lasifika, ya dasa sabon ƙaramin allon lantarki, ko ya haƙura ya sayi wani. A ganinmu irin ciwon ne ya kamata ya zaɓi hanya, kuma ana gane ciwon da mita, ƴar na'urar hannu ta auna lantarki, cikin ɗan lokaci, kafin a kashe ko dala.

Abubuwan da ke kashe ampili a nan sanannu ne. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, cikin akwatin kuma ya fi haka nesa. Ƙurar hunturu na kwanciya a kan ƙarfen sanyaya ta hana shi fitar da zafi, in damina ta zo ta sha laima ta soma ɗaukar wuta tsakanin ƙafafun kayan. Sai kuran da ke ɗaukewa ya dawo da ƙarfi, da gurup da ke hawa yana sauka. Na ƙarshe kuma aikin hannunmu ne: ranar suna ko biki a jona lasifika huɗu a kan ampilin da aka ƙera don biyu.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya

Juya bayansa ka karanta abin da aka rubuta kusa da igiyar wuta. Kuranmu 220V ne. Ampilin Turai mai 220V zuwa 240V ya dace da mu, amma na Amurka 120V yake so, na Japan 100V. In an soka irin waɗannan kai tsaye, fizibil ne zai tsinke in an yi sa'a, in ba a yi ba taransifo ya tafi. Wasu suna da maɓallin zaɓen ƙarfin wuta a baya, sai a tabbata yana kan 220 ko 240.

Daga nan cire wayoyin lasifika duka, ka kunna, ka kasa kunne. Ampili mai lafiya yakan yi shiru na daƙiƙa uku zuwa biyar, sannan ka ji rele, ɗan makunnin ciki da ke jona lasifika da kansa, ya yi "ƙas". In ya yi ƙas ɗin bayan ka cire wayoyi alhali da su ba ya yi, ciwon a waje yake: ko silin waya guda ya taɓa ɗan'uwansa a bayan akwati, ko lasifika ta ƙone. Auna kowace lasifika da mita. Mai om 8 takan nuna tsakanin 5.5 da 7. In ta nuna ƙasa da 2, ko ba ta nuna komai ba, ta tafi. Lissafin jona su ma ba wuya: biyu masu om 8 a rami ɗaya sun zama om 4, uku sun zama kusan 2.7, biyu masu om 4 sun zama om 2. Ampilin gida mafi yawa om 6 zuwa 8 yake so, kaɗan ne ke jure 4. A duba kuma maɓallan A da B na lasifika, da na Tape Monitor, da ƴan ƙarafan da ke haɗa ramukan Pre Out da Main In in yana da su, don yara kan zare su, ampili ya yi gum alhali ba abin da ya same shi.

Awo na gaba shi ne mafi amfani a dukkan aikin. Mayar da murya sifili, sa mita a kan DC, ka auna tsakanin ja da baƙi na ramin lasifika. Ƙasa da 50mV lafiya ce. Sama da 100mV akwai abin da ya soma gocewa. In rele bai kama ba ba za ka ga komai a ramin ba, sai an buɗe an auna kafin rele, a tsakiyar fararen rezistans ɗin da ke gaban manyan taransisto. In ka ga 30V, 40V ko fiye a wurin, taransiston ƙarfi ya haɗe, wato ya ƙone wuta na ratsa shi kai tsaye, kuma rele ɗin da ya ƙi kamawa aikinsa yake yi, yana kare maka lasifika.

Wanda ba zai kiyaye wannan ba, kada ya buɗe

Manyan kondansa biyu da ke kusa da taransifo, masu 6800µF zuwa 10000µF ko fiye, suna riƙe wuta bayan an zare igiya. A ampili matsakaici kowanne na ɗauke da 35V zuwa 60V, ɗaya a gefen ƙari ɗaya a gefen ragi, wato tsakanin su biyun ana iya samun sama da 100V. Ana sauke su da rezistans mai om 1000, wat 5, a riƙe shi a ƙafafun kowanne kamar minti guda, sannan a auna a tabbata ya sauka ƙasa da 1V. Kada a haɗa ƙafafun da sukudireba. Tartsatsin na cin hanyar tagullar allo, yana kuma raunata kondansan. In ampilin ba shi da nauyi, ba babban taransifo a cikinsa, to irin mai sashen wuta na zamani ne, kondansansa na farko na riƙe kusan 310V, wasu har 400V. Wannan yana kisa. Mai koyo ya bar wannan sashen ga wanda ya saba.

Kayan aikin da ake bukata ba su da yawa: mita, ƙarfen dalma mai wat 40 zuwa 60, dalma 60/40, famfon tsotse dalma, burushi mai laushi, da ruwan feshi na wanke maɓallan lantarki. Sai abu guda da za ka haɗa da kanka, wanda muke ganin bai kamata a taɓa sashen ƙarfi ba tare da shi ba: ƙwan fitila irin na da mai zare, wat 60 zuwa 100, a jera shi a layi ɗaya da igiyar ampilin, yadda wuta sai ta bi ta ƙwan kafin ta shiga. Ƙwan LED ko mai tattalin wuta ba ya wannan aikin. In ka kunna ƙwan ya haska sannan ya dushe, ba haɗewa a ciki. In ya tsaya da haske tar, akwai abin da ya haɗe, kuma ƙwan ya shanye wutar da za ta ƙone maka sabbin kaya.

Inda gyaran kai ya fi kowace hanya

Akwai ciwon da ɗaukar ampili a babur zuwa wurin mai gyara asarar kuɗin mai ne kawai. Murya tana ƙarar-ƙarar in an murɗa, ko gefe ɗaya na ɗaukewa ya dawo in an taɓa maɓalli: ƙura ce da tsatsa. A fesa ruwan wanki kaɗan ta ƴar kafar da ke jikin maɓallin daga ciki, a murɗa shi sau 30 zuwa 40, a bari ya bushe. Ban da fetur, ban da man keke, ban da WD-40 na yau da kullum, don maiƙonsa na tara sabuwar ƙura.

Sauti na ɗaukewa in ampili ya yi zafi, ko yana dawowa in an ɗan bubbugi akwatin: dalma ce ta tsage. Juya allon a wuri mai haske ka duba ƙafafun duk abin da ke zafi ko mai nauyi, wato masu daidaita wuta irin 7805, 7812, 7815 da 7915, manyan rezistans, rele da ramukan lasifika. Za ka ga siririn zobe baƙi kewaye da ƙafar, kamar gashi. A narkar da wurin a ƙara sabuwar dalma har ta yi sheƙi. In kuwa gefe ɗaya ba ya fita da ƙaramar murya sai an ɗaga ta sannan ya ɓarke, bakin rele ne ya yi baƙi. Gogewa na ɗan lokaci ne; a canja shi da mai irin ƙarfinsa, 12V ko 24V kamar yadda aka rubuta a jikinsa, da tsarin ƙafafu iri ɗaya.

Gurnani mai kauri da ba ya canjawa ko an rage murya yana nuna kondansa sun gaji. Wanda kansa ya kumbura ko ya zubar da ruwa a gindinsa ba sai an auna ba. Ka'idar canji ita ce µF ɗaya, V ɗaya ko sama da shi, kuma kada a juya ƙafa, don in an juya fashewa yake. A nan ƙasar a nemi mai digiri 105 a maimakon mai 85. Dalili kuwa, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanan kondansa biyu, saboda haka mai 105 na iya ninka ɗan'uwansa sau huɗu a wuri guda.

Fizibil na da nasa hukunci. A karanta abin da ke jikinsa, misali T2A ko T3.15A 250V, a sa irinsa daidai. Harafin T na nufin mai jinkirin tsinkewa, in an sa mai sauri zai riƙa tsinkewa duk kunnawa. In gilashin a wanke yake zaren kawai ya rabu, wataƙila hawan wuta ne. In ya yi baƙi ƙirin, wani abu ya haɗe a gaba, ko diyod huɗun da ke gyara wuta ko taransiston ƙarfi, kuma sabon fizibil zai bi na farko. In fizibil lafiya amma ampili ko ƙyaftawa ba ya yi, auna ƙafafun filogi da maɓalli a kunne, igiya a zare: ampili irin na da zai nuna ƴan om kaɗan zuwa ƴan gomomi. In ba komai, wataƙila ƙaramin fizibil na zafi da ke binne cikin taransifo ne ya yanke.

Taransiston ƙarfi: a nan ne zaɓin ke da wuya

Wannan shi ne ciwon da ya fi kawo ampili teburin gyara, kuma shi ne inda gyaran kai da na mai gyara suke kusan kunnen doki. Gano shi ba wuya. Igiya a zare, kondansa a sauke, sa mita a alamar diyod ka auna ƙafafun kowane babban taransisto da ke manne da ƙarfen sanyaya. Mai lafiya na nuna 0.5 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya. Wanda ya haɗe na nuna sifili ta kowace fuska, mita na kuka. Gwada da gefen da ke aiki, shi ne ma'auninka.

Wahalar ita ce taransiston ƙarfi ba ya tafiya shi kaɗai. In 2SC5200 ya ƙone, abokinsa 2SA1943 ko ya tafi ko ya raunana, a canja su tare. Haka 2SC4468 da 2SA1695, ko 2SD718 da 2SB688. Sai a bi baya a auna fararen rezistans masu om 0.22 ko 0.47, wat 5, da ƙananan taransiston da ke tura manyan, da ƴan rezistans da ke kewaye da su, da ɗan taransiston da ke manne da ƙarfen sanyaya yana lura da zafi. Guda ɗaya in ya tsere maka, sabbin za su ƙone cikin daƙiƙar farko, sai dai in ƙwan fitila na kan layi. Kada a manta da siririyar takardar da ke raba bayan taransisto da ƙarfen sanyaya, da farin man zafi a shafa sama-sama. In takardar ta yage, bayan taransiston ya taɓa ƙarfe, an koma gidan jiya. Bayan an gama sai a daidaita ƴar wutar da ke gudana ba sauti, ta hanyar auna mV a kan farin rezistans ɗin ana juya ɗan maɓallin da ke kan allo. Adadin yana cikin littafin gyara na samfurin, ana samun da yawa a intanet. Misali 5mV a kan om 0.22 kusan 23mA ke nan. In ta yi yawa, ampili zai riƙa zafi ko ba kiɗa, a zafin Yamai kuma ba zai kai damina ba.

Sai matsalar jabu. Taransisto masu ɗauke da sunan Toshiba ko Sanken waɗanda ba su ba ne sun cika kasuwannin duniya, namu ma ba su tsira ba. Jabun yakan yi aiki da ƙaramar murya, ya fashe ranar da aka ɗaga. Alamunsa su ne rubutu mai gogewa da yatsa, ƙafafu sirara, da araha fiye da kima. Shi ya sa taransiston asali da aka ciro daga mataccen ampili, a kasuwar Katako ta Yamai ko a shagon mai gyara, in an auna shi lafiya, ya fi mana sabon da ba a san asalinsa ba.

A nan ne mai gyara ya fi ka: yana da tarin matattun alluna da zai ciro kayan asali, kuma ya ga irin ciwon sau da yawa. Hukuncinmu shi ne, wanda ya taɓa riƙe ƙarfen dalma, yana da ƙwan fitila, gefe ɗaya ne kawai ya ƙone, ya gwada da kansa. Wanda wannan ne karonsa na farko, ko gefe biyu suka tafi, ko allon ya yi gawayi, ya kai wa masu sana'a. Amma a zaɓi mai gyaran. Ka ce masa: "Maigida, don Allah in an gama a ajiye mini kayan da aka cire, kuma a auna mini ramin lasifika a gabana." Mai aikin kirki ba zai ji haushi ba. Abubuwa uku kuma in ka ga an yi maka su, ba gyara aka yi ba: naɗa silin waya a gurbin fizibil, haɗe bakin rele don sauti ya fito dole, da tsallake fizibil ɗin zafi na taransifo ba a sa wani ba. Na biyun lasifikarka zai ci, na farko da na uku gobara suke jawowa.

STK da sabon allo

Wasu ampilan, musamman na shekarun 1980 da 1990 da manyan rediyoyi masu faifai, ba su da taransisto a warwatse. Baƙin bulo guda ne mai ƙafafu da yawa, an rubuta STK a jikinsa, kamar STK4141 ko STK4192. Kamfanin Sanyo ne ya yi su, an daɗe da daina ƙera waɗannan lambobin, saboda haka "sabon" da za a miƙo maka a leda abin tuhuma ne. In an samu na asali daga wani akwatin, madalla. In ba a samu ba, hanya ta uku ta fi.

Hanyar ita ce a bar rediyo da maɓallan murya da na zaɓen sauti suna aikinsu, a cire bulon da ya mutu, a ɗauki sauti daga bayan maɓallin murya a kai shi ƙaramin allo mai TPA3116. Allon bai fi tafin hannu ba, ba ya zafi sosai don sama da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci sauti take zama, abin da ya dace da ƙasarmu. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma a nan mutane ke ƙona shi. Wuta ɗaya yake ci, daga 4.5V zuwa 26V; wutar tsohon ampilin mai ƙari da ragi ta fi ƙarfinsa, dole a ba shi tasa. Cajar kwamfutar hannu mai 19V da kusan 4.7A ta isa, tana ba da kamar wat 20 kowane gefe a lasifika mai om 8. Wat 50 ɗin da ake rubutawa sai a om 4 da wuta sama da 20V. Baƙaƙen wayoyin lasifikarsa kuma ba a haɗa su da juna ko da jikin akwati, alhali a tsohon ampili galibi a haɗe suke. Sai an yanke wannan haɗin a ramukan baya, an kuma raba shi da ramin abin sawa a kunne.

Ga mai pano da batir, ko mai zama inda kuran ba ya zama, wannan allon na da wani amfanin: yana aiki kai tsaye da batir 12V, yana ba da kusan wat 15 a om 4, wanda ya ishi ɗaki. A kula da tsarin 24V, don lokacin caji batir na haura 28V, ya wuce iyakar allon. Abin da aka rasa shi ne ƙarfin asali. Ampilin da ke ba da wat 80 ko 100 a da ba zai koma haka da wannan allon ba, kuma in Yamaha ne ko Technics mai kyau wanda taransistonsa ke samuwa, mu dai ba za mu so a yi masa wannan dashen ba.

Inda ya kamata a tsaya

Ampilin sinima na zamani mai ramukan HDMI in sashen ƙarfinsa ne ya lalace, duk abin da aka faɗa a sama ya shafe shi. In kuwa yana kunnuwa, rele na kamawa, amma ba sauti ko hoto ta HDMI, ko alamun lasifika sun ɓace daga fuskarsa, ciwon na kan allon lissafi ne. Ƙwayoyin wurin ƙafafunsu a ƙarƙashinsu suke, ƙarfen dalma ba ya kai musu. Hura musu iska mai zafi kan tashe su na ƴan makonni su sake kwanciya. Tsawar damina ma ta nan take shigowa, ta igiyar dekoda. Kafin a jefar, a gwada sake saita shi kamar sabo bisa littafinsa, a kuma gwada ramukan ja da fari tare da maɓallin Direct in yana da shi. Wani lokaci wannan hanyar na nan da rai, sai ya ci gaba da aiki a matsayin ampilin lasifika biyu.

Sayen wani yana da hujja in taransifo ya ƙone kuma ba a samu irinsa ba, ko allon lissafi ya mutu, ko kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin irinsa na hannu. Ƙananan sabbin ampilai masu Bluetooth da USB suna da araha, amma wat 1000 ko 2000 da ke jikin kwalinsu ba ma'auni ba ne. Duba wutar da aka rubuta yana ci a bayansa, ita ta fi kusa da gaskiyar ƙarfinsa. In na hannu za ka saya, tafi da mitarka da ƴar fitila. Ka ji ƙas ɗin rele, ka auna DC a kowane rami, ka leƙa ta ramukan iska ko akwai kondansa mai kumburi ko waya a gurbin fizibil, sannan a bar shi yana kiɗa minti 15 ka taɓa samansa ta gefen hagu da dama. In gefe ɗaya ya fi ɗayan zafi sosai, an taɓa gyara shi ba a daidaita ba, sai a rage maka kuɗi ko ka duba na gaba.